Matsattsiyar Kwanar Delbert

Dogon taragon hatsin yana shiga kwanar ya finciko na bayansa, su biyun suka kife a gefen layin dogo, daf da wani rumbu da bai wuce kofin shayi tsawo ba.

"Ka gani ko?" in ji Delbert Hruska. "Tun safe abin da suke yi ke nan."

Lyle Ostrander ya ajiye kwalin da ya shigo da shi a kan gado, ya gyara tabarau. Rabonsa da Delbert tun kafin shi Delbert ɗin ya faɗi ya karye a ƙugu, aka sayar da gidansa, aka kawo shi gidan tsofaffin nan na Galesburg. A tsohon gidan, ƙaramin jirgin ƙasansa na wasa ya cinye ɗakin ƙarƙashin ƙasa gaba ɗaya, kwanoninsa masu faɗi. A nan kuwa an shimfiɗa dogon ne a kan tsohon ƙyaure a bakin taga.

Tun suna da baƙin gashi suke musu ɗaya a ƙungiyarsu ta masu ƙananan jiragen ƙasa. Delbert, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana haɗa taragun gaske a tashar kaya, ya ce ƙugiyar da ke haɗa taragu a jikin tarago ake ɗaure ta. Lyle mai aski ya ce a bar ta manne da ƙafafu kamar yadda ta zo daga kanti, ta riƙa juyawa tare da su. Har gaba sun taɓa yi a kan maganar.

Lyle ya ɗauki taragon da ya kife, ya juya cikinsa. Tsatsar da aka zana da buroshi kamar ta goge a yatsa. Ƙugiyar tana zaune daram a tsakiya, kusarta ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, ko ɗigon gam babu. Bai taɓa faɗa ba, amma kaf jihar bai ga hannu irin na mutumin nan ba.

"Tsoho, kwanarka ce ta matse," in ji Lyle. "Taragon dogo ne. In ya karya kwana, gindinsa sai ya yi waje da ƙugiyar."

"Kai za ka koya mini kwana? Je ka koya wa almakashi." Delbert ya juya fuska wajen taga. "Bar shi ma. Corinne tana zuwa da yamma ta kwashe su, ta kai ƙungiya."

Corinne 'yarsa ce, kuma ita ta kira Lyle a ɓoye. Ta ce babanta ya daina fita cin abinci.

Lyle ya buɗe kwalin. Burodin ayaba ne a sama, a ƙarƙashinsa kuma ƙananan ƙafafun tarago, kowace da ƙugiyarta.

"Fitar mini da wannan shara daga ɗaki."

"Ci burodi, matata Marlys ce ta gasa maka. In ka mayar, ni za ta ci wa mutunci."

Delbert ya kai hannu zai ɗauki sukuddireba, ta suɓuce masa ta faɗi ƙasa. Lyle ya yi kamar bai gani ba. Ya ja kujera ya fara kwance ƙugiyoyin ɗaya bayan ɗaya yana ɗaura ƙafafun da ya kawo, yana jera kowace kusa a murfin kwalba don kada ta ɓata. Delbert yana taunar burodi yana kallo, bai hana ba.

Da aka tayar da jirgin, ya shiga kwanar sumul ya fita. Ya zagayo, ya sake wucewa.

"To," in ji Delbert a hankali. "Ka ci musun."

Shekara da shekaru Lyle yana jiran kalmar nan, ga ta ta zo ba daɗi. Mutumin da ke zaune a gabansa kamar an sace masa iska, yana kallon jirgin yadda ake kallon motar wani.

Lyle ya dubi maɓallin da ke hannunsa. Ya fi kowa sanin lagon ƙugiyarsa, ko da yake bai taɓa amsa shi a gaban mutane ba: ba ta son turi. Ya tsayar da jirgin, ya ce, "Bari in mayar da su baya su ɗauki hatsi." Sai ya murɗa fiye da kima.

Ƙafafun suka karkace, taragu suka tattare, suka zube a gaban rumbun.

"Yauwa!" Delbert ya buga sanda a ƙasa, har wata ma'aikaciya ta leƙo. "Ban faɗa maka ba? Ka tura ƙafa, ƙafa ta murɗe! Jirgin da ba ya komawa baya ai lilon yara ne!"

"Tsautsayi ne."

"Tsautsayin gidanku! Matsa. Dogayen nan su zauna da shararka, ba yadda zan yi. Gajerun kuwa a jiki za a mayar musu, kwanar za ta ɗauke su. Ni zan nuna, kai ka ɗaura. Kuma ka riƙe hantsakin nan kamar mutum, ba gemu kake tsigewa ba."

Ana cikin haka Corinne ta turo ƙofa, rungume da kwalaye. Ta dubi taragun da ke warwatse, ta dubi Lyle.

"Baba, in fara da waɗanne?"

"Ajiye su a waje, kina tare mana haske," in ji Delbert. "In kin sauka ki tambayo mini me suka dafa yau."