Jiƙon Goggo Matta

Cikina na wata bakwai idanuna suka koma rawaya. Mijina Sabitu ne ya fara lura. Yana shan koko ya ajiye ludayi ya ce, "Hamsatu, tashi mu tafi asibiti." Ni kuwa uwar iyayi, na ce sai mun fara biyawa Gwallaga wurin Goggo Matta.

Goggo Matta ƙanwar babana ce, ita ta raine ni tare da 'yarta Habibatu tun rasuwar mahaifiyata. Duk Gwallaga kuma an san ta da maganin shawara. Tana ɗaga fatar idona ta ce, "Shawara ce, har ta nuna. Kul, kada ki kuskura ki je asibiti. Mai shawara ba a yi masa allura, ana soka masa sai gawa." Ta juya kan Sabitu. "Kai kuma ɗan nan, shekara talatin ina wannan aiki, yau za ka koya mini?" Ya sunkuyar da kai.

Ta haɗa mini jiƙon saiwoyi mai ɗan karen ɗaci, safe da yamma ina ɗurawa. Fitsarina ya yi ja kamar shayi, ta ce cutar ce ke fita. Ƙaiƙayi ya hana ni sakat, ta ce alamar sauƙi ce. Da na ce motsin yaron ya ragu, dariya ta yi. "Malalaci ne, ubansa ya biyo." Har ni ma na dara, Allah ya yafe mini. Na tambaye ta ina Habibatu, wadda ita ma take da tsohon ciki, ta ce tana Inkil wurin dangin mijinta.

Kwana goma sha biyu muna haka. A na sha uku na yanke jiki na faɗi a bakin murhu. Sabitu bai nemi izinin kowa ba, ya tare keke napep sai asibiti.

Da na dawo hayyacina, wata nas mai suna Liatu ta zauna ta gaya mini babu ɓoye-ɓoye. Hantata ta kumbura, yaron kuma ya kwana biyu da rasuwa a ciki kafin a kawo ni. Namiji ne.

Washegari aka mayar da ni ɗakin mata. A gadon da ke kusa da nawa, wa zan gani? Habibatu, allurar ƙarin ruwa a hannunta, ga jaririya a gefe tana barci.

"Yaushe kika zo?"

Ta kasa kallona. "Kwana goma, Yaya. Ranar da Inna ta ga idona ya yi rawaya ta kawo ni da kanta. Ta ce kada in gaya wa kowa."

Kwana goma. Goggo tana fitowa daga nan ke nan take zuwa ta cika mini kofi.

Sai ga Goggo ta shigo da fulas ɗin kunu. Ta gan ni, ta yi turus.

"Goggo, ashe ana yi wa mai shawara allura?"

Ta rage murya. "Ke duk layi an ga shigarki gidana da idon nan. In aka ji na tura ki asibiti, wa zai ƙara zuwa wurina?"

Ban taɓa tsanar mutum irin lokacin ba, kuma ita ce ta goya ni. Ta zuba kunu ta miƙo mini.

"Ungo, 'yata."

"Ba wa 'yarki," na ce. "Ni na riga na shanye wanda kika haɗa mini."