Tukunyar Inna Ba Ta Ɗaukar Nama

"Ba ni dafawa," na ce.

Lauwali ya juyo ya dube ni kamar bai ji da kyau ba. Bindiga na rataye a kafaɗarsa, hannuwansa duk jini. A gabansa, a kan tabarmar da Inna ke shanya kuɓewa, ga cinyar saniya da haƙarƙari da kai, yaransa sun sauko da su daga kan babur sun zube. Hantsi ne, ƙudaje har sun fara taruwa.

"Mi kic ce, 'yar boko?"

"Nic ce ba ni dafawa. Tuwo nika yi. In yunwa ta kawo ku, ku zamna, in ya nuna a zuba muku."

Yaransa suka kwashe da dariya. Shi bai yi ba.

Na san Lauwali tun yana yaron mahauta a kasuwar Kebbe. Shi ake aikowa ƙauyenmu, can bayan Fakku, ya kora dabbar da aka saya wurin Babanmu, Malam Na'Allah. In rana ta yi masa, a zaurenmu yake cin tuwo, har Inna ta ƙara masa miya. Daga baya aka daina ganinsa a kasuwa, aka ce ya shiga daji.

Ina makaranta a Tambuwal, a hannun Gwaggo Rabi'atu, 'yan bindiga suka zo suka kore shanunmu kaf. Baba ya tsaya a bakin garke da sanda, suka harbe shi a ƙirji. Ban tarar da jana'iza ba. Abin da na tarar shi ne turaku babu ko maraƙi, da Inna zaune a gindin murhu.

Ba a daɗe ba nama ya yi arha a kasuwanni, kowa kuwa ya san dalili. Ranar da yayana Uthman ya shigo da tsoka a leda, Inna ta dube ta ta ce ya fitar. Ta ce ba ta san ta wace saniya ba ce, ba ta san ko wadda aka kashe mijinta a kanta ba ce. Ta rantse nama ba zai sake shiga tukunyarta ba har sai daji ya lafa. Uthman ya ɗauka zafin takaba ne, zai wuce, amma takaba ta ƙare rantsuwa na nan.

Da na gama jarrabawa na dawo gida, ni na karɓi girki, na kuma ɗauki rantsuwar kamar ni na yi ta. Mutanen gari suka laƙaba mana Gidan Ganye. Na ce to, bari su ga yadda ake cin ganye. Miyar kuka nakan dafa wake ya yi lugub, in marmashe shi a ciki, in daka daddawa da citta da barkono, sai ta yi kauri ta riƙe ciki. Taushe kuwa gyaɗa nake niƙawa da kabewa da yakuwa. Da damina akwai rama da tafasa da zogale, a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli da albasa. A Tambuwal na koyi yin awara, nakan soya ta da man gyaɗa in jefa a miyar tumatir, Uthman ya ɗaga yanka ɗaya ya ce, "Wagga akuya wane gari anka yanka ta, ba ƙashi?" Amma shi ke suɗe kwano. Matan da ke mana dariya su suka koma aiko da kwano a sam musu miya.

Wannan tukunyar Lauwali yake so in zuba nama a ciki. Ban kuwa buƙaci a gaya mini naman wace ce ba. Kan yana kwance a gefe, kunnen hagu a sama, an tsaga shi biyu daga baki, shaidar da Baba ke yi wa shanunsa da askarsa. Ga farin goshin. Kyalla ce. A gidanmu, ranar sunan yaro ake nuna masa karsanarsa, duk abin da ta haifa nasa ne. Uwar Kyalla ita ce saniyar sunana. Nonon Kyalla nake damawa da fura duk hutun da na zo.

"Kin gane ta ke nan," in ji Lauwali. "To madalla. Ke za ki dafa, ke za ki fara ci gabanmu, kada ki zuba muna wani abu. Ku 'yan boko ba a raba ku da dabara."

"Kai ma ka gane ta. Kai ka riƙe wa Baba igiya ranar da anka tsaga mata kunne."

Gindin bindiga ya same ni a kunci. Na faɗi a kan itacen wuta, na ji haƙori yana yawo a bakina. Na tofar da shi, na miƙe, na koma gindin murhu na ɗauki muciya, don talge ya fara tafasa, in an bar shi zai kama.

Suka jawo Uthman daga ɗaki suka durƙusar da shi kusa da turmi. Inna ta fito da hijabi a karkace.

"Lauwali, ɗan nan," ta ce, "ka ci tuwon gidanga."

"Na ci, Inna. Shi ya sa nit taho nan ban tafi wani gida ba. Kowa ya san hannunku da daɗi. Ki ce ma ɗiyarki ta aza tukunya."

"Nasiha," in ji Uthman, bai ɗago kai ba, "ki dafa musu su tafi. Saniya ta riga ta mutu."

Na ci gaba da juya talge. Ɗaya daga cikin yaran ya ɗauki taɓarya ya sauke ta a ƙaurin Uthman. Na ji ƙarar kamar an karya busasshen kara. Uthman ya kife yana cizon ƙasa.

Inna ta rarrafo ta riƙe zanina.

"Ni nir rantse, ba ke ba," ta ce. "Na warware. Ni zan yi kaffara. Ki dafa, Nasiha, don Allah ki dafa."

Da wani naman ne, wataƙila da na bi maganarta. Na dubi kunnen nan mai tsaga biyu, na tuna Baba da sandarsa a bakin garke. Shi ma an ce masa ya kauce, bai kauce ba. Na ga kaina ina yanka Kyalla gutsi-gutsi, ina soya albasa, ina ɗanɗana romo a gaban wanda ya riƙe mata igiya, yana kallon maƙogwarona ya ga na haɗiye. Na san in na yi haka, ba zan sake iya sa komai a bakina ba.

"Inna, ki yi haƙuri," na ce. "Ke kin warware. Ni ban warware ba."

Lauwali ya matso har ina jin ƙarnin jinin jikinsa. Ya kama wuyan hannuna na dama, muciya ta faɗi.

"Wanga hannu shi ka rubutu, ko?"

"Shi ne."

"Shi ka tuƙa tuwon ganye?"

"Shi ne."

"Sau ɗaya zan ƙara tambaya."

"Ka huta da tambaya, Lauwali."

Ya tsoma hannuna a cikin talge.

Duk macen da ta taɓa tuƙa tuwo ta san yadda ɗigon talge ɗaya ke manne wa fata ya ci gaba da ci. Wannan hannu ne gaba ɗaya, har wuyan hannu, kuma ya danne. Na yi ihu, ba zan ɓoye ba, ihun da aka ce an ji har bakin rijiya. Na yi fitsari a tsaye. Amma yana ta cewa, "Za ki dafa?" ni kuma ina girgiza kai, har tukunya ta kife, talge ya malale a kan murhu ya kashe wuta. Da ya sake ni, na ga fatar yatsuna tana saɓulewa tare da ƙullun.

Inna ta ja ni zuwa randa ta cusa hannun a ruwa. Ina jingine a nan na ga sauran. Suka fasa tukwanenmu ɗaya bayan ɗaya da gindin bindiga, suka zazzage buhun wake a ƙasa suka tattake, suka watsar da kuka da kuɓewar da muka shanya tun kaka. Wani ya zuƙo fetur daga tankin babur ya watsa wa rumbu, ya ƙyasta ashana. Dawar shekara ce a ciki, da geron da Uthman ya noma shi kaɗai ba shanun huɗa. Ta ci wuta tana fashewa, ƙamshi ya cika gari kamar ana gasa tumu.

Naman kuwa, maƙwabciyarmu suka kira. Ta zo da tukunyarta, ta hura wuta a tsakar gidanmu ta dafa. Ta ɗanɗana a gabansu tana hawaye. Ban taɓa ganin laifinta ba. Suka zauna a inuwar darbejiyar Baba suka ci suka ƙoshi, suka jefa wa karnuka ƙashi.

Tukunya ɗaya ta tsira, ƙaramar da na ajiye miyar kuka a bayan murhu. Da za su tafi Lauwali ya gan ta. Ya buɗe, ya sa yatsa ya lasa, ya sake lasa.

"Daddawar Inna tana nan yadda nis san ta," ya ce. Ya ɗaure tukunyar a bayan babur ya tafi da ita.

Bayan la'asar aka samu masu babur da suka yarda su ɗauke mu. Aka ɗaure ƙafar Uthman da kara da tsumma, ni kuma hannuna a cikin bokitin ruwa a kan cinyata, duk ramin da aka faɗa sai ruwan ya fantsama in ji kamar an sake tsoma shi. A asibitin Kebbe aka wanke aka naɗe, aka ce mu wuce Tambuwal. Duk tsawon hanyar Uthman bai dube ni ba.

Yanzu muna gidan Gwaggo Rabi'atu, ɗaki ɗaya ni da Inna, Uthman a shagon ƙofar gida. Mutane na zuwa dubiya. Wasu su ce jaruma, wasu su fita su ce taurin kan boko ya jawo wa gida masifa. Duka ina ji. Gwaggo ta taɓa kawo mini farfesu ta ce zai mayar da jini, na ce ta kai wa Uthman. Ta kai masa, ya ci. Inna ta yi azumin kaffararta, amma har yau ba ta kai nama baki ba. Ni ke tsaye a kan miyarmu, ni da ita. Ita ke daka da tuƙi, ni in zuba daddawa da hagu in ɗanɗana.

Ranar nan tana tsince wake ta tambaye ni, ba ta ɗago ba, ko da za a mayar da ranar zan dafa.

"A'a, Inna."

"Na sani," ta ce. Ta ci gaba da tsinta.

An ci Kyalla duk da haka, a tsakar gidanmu, ƙin da na yi bai hana ba. Yatsuna uku sun manne sun lanƙwashe, ba sa riƙe biro, ba sa riƙe muciya, kuma makarantar da na samu gurbi an buɗe ta babu ni. Abincin shekara ya ƙone, gidan Baba babu kowa a ciki. Uthman zai yi ɗingishi har ya mutu a kan maganar da ba shi ya faɗa ba, kuma tun daga ranar, in ban da gaisuwar safe, bai sake yi mini magana ba.