Inda Hannunta Ba Ya Kaiwa

Da farce Inna Fadimatu ta kama bakin abin, ta ja a hankali. Ya miƙe kamar danƙo, ya bi fatar tsintsiyar hannunta, sannan ya saki. Ta liƙa shi a jikin randa, ta koma tabarma ta zuba wa wayar da ke kan taga ido. Carbinta bai zagayo ba wayar ta ɗauki ƙara.

"Inna, kin koma hidda shi?" in ji ɗanta Hakim daga Yamai.

"Alwala za ni yi, ɗana. Ka ci abinci?"

Ya ce yana da aiki, ta mayar da shi yanzu-yanzu, ya kashe. Muryar ba ta kai minti ɗaya ba, amma ta ishe ta wuni.

Hakim ne kaɗai ya rage mata cikin 'ya'ya biyar. A shekara uku sau ɗaya ya taka ƙauyensu Dogarawa, ranar da ya kawo abin. Siriri ne kamar ɓawon albasa, da wasu zare masu ƙyalli a ciki. Ya ce abin yana jin bugun zuciyarta da zafin jikinta, ya gaya wa wayar taga, ita kuma ta gaya wa tasa a buro, wurin aikinsa. Ya ce daga yau kullum yana tare da ita. Tun ranar ya daina kira. Me zai tambaya, tunda waya ta riga ta ce ta kwana lafiya?

Cirewar farko don Allah ta yi ta, tana tsoron ruwan alwala bai taɓa fata ba. Sai ga kira. Tsohuwa ba ta yi lakwal ba, ba ta san boko ba, amma wannan karatun a zama ɗaya ta haddace shi.

* * *

Rabi, matar ɗan ƙanin mijinta, ita ke kawo mata abinci tun rasuwar maigida. Ita Hakim ya kira wata safiya, rai a ɓace. Ya ce jiya Inna ta cire abin, wayarsa ta yi ta kuka yana gaban manya, ya ji kunya. Ya ce ta liƙa wa Inna abin a gadon baya, tsakanin kafaɗu, inda hannunta ba ya kaiwa.

Rabi ta ce wa Inna likita ne ya ce a sauya wuri. Inna ta dube ta, ta daɗe, sannan ta juya baya ta sassauta zane.

Inna ta gwada ɓamɓare shi da muciya, ta gwada mabuɗin ɗaki. Abin an yi shi ne don ya bi fata duk inda ta je, in ta miƙe ya miƙe, in ta tattare ya tattare. Da ta rasa dabara sai ta jawo turmi ta yi ta dakan gero har numfashinta ya sarƙe, ko zuciyar ta yi hayaniyar da zai ji. Ya ji kuwa. Ya aiko wa Rabi saƙo cewa a ɗauke turmin.

Wata biyu wayar taga ba ta ce uffan ba. Inna kan sa a kai ta caji duk ranar kasuwa, ta goge mata ƙura da bakin zane. Rabi ta lura tsohuwar ta koma zama jingine da katangar laka, tana motsa baya sama da ƙasa, ta ɗauka ƙaiƙayin tsufa ne.

* * *

Ran Juma'a da hantsi Rabi ta shigo da kunu, ta yi sallama sau biyu. Inna na jingine da katangar, kai a langaɓe, carbi a cinya. Rai ya yi halinsa, jikin da sauran ɗumi.

Tana shafa mata ido wayar taga ta ɗauki ƙara. Rabi ta ɗauka. Hakim ko gaisuwa bai yi ba.

"Ta koma hidda shi ko? Rabi, ki hwaɗa mata na gaji da wanga wasa."

"Shina nan ga jikinta, Hakim. Ba ta hidda shi ba."

Da ya gane, sai ya ce hanya da nisa, kada a jira shi.

Da mata suka juya ta wurin wanka sai da suka kau da kai. Fatar bayan duk ta saɓule, tsohon ciwo da sabo, da burbushin laka a ciki. A tsakiya abin na nan lafiya lau, yana ƙyalli, ko gefensa bai ɗaga ba. Babbar cikinsu ta ce a cire, ruwa ya taɓa fata. Rabi ta sa farce ta ja, ya saki ba gardama.