Lakar da ta koma magudana

Baba ya makance, amma kunnensa ras. Kukan kirinjijiya, agwagwar ruwan nan mai fito, shi ne abin hirarsa. Da laka ta toshe magudanar da ke kai ruwa fadamar bayan gidanmu, fadama ta bushe, tsuntsaye suka yi ƙaura. Baba ya daina fitowa ƙofar gida, abinci ma sai da lallashi.

Na ce wa maigida da ƙannena, "Ku ɗauko shebur, yasa za mu yi."

Muka yashe ta tas, muka jibge lakar a bakin magudanar, har da shafe ta kamar daɓen ɗaki. Ruwan sama na farko ya mayar da ita ciki.

Maigida ya jefar da shebur. "Aikin baban giwa! Ni da tsuntsu ba dangi ba."

"Da surukinka fa?" na ce. "Ruwa bai yi laifi ba, mu muka ajiye masa kaya a hanya. Ku haƙa, ni in kwashe."

Na yi gammo, na dinga jidar laka a baho zuwa kan tudu har wuyana ya sage. Matan maƙwabta suka gaji da dariya, suka fito da nasu bahon.

Da ikon Allah ruwa ya shiga fadama. Wata safiya ina lazimi, na ji sandar Baba tana laluben ƙofa.

"Ke, kin ji su?" ya ce. "Kawo tabarmata. Akwai sauran abinci?"