A Gaban Suruki

Shekara ashirin da shida ke nan ina aikin jinya a wani asibitin gwamnati a Gombe, kuma in akwai abin da na iya a aikin nan, to gane mai ɓoye ciwo ne. Ba a makarantar nas aka koya mana wannan ba. Wata tsohuwar metiron, shugabar ma'aikatan jinya, ita ce ta ja ni gefe tun ina sabuwa, ta ce, "Lois, in dattijo ya zo da ɗan rakiya, fara sanin wane ne ɗan rakiyar. In ɗan fari ne ko suruki, aike shi ya sayo ruwa, sannan ki yi tambayarki." Na riƙe maganar nan da hannu biyu. Surukan da na aika sayen ruwa Allah kaɗai ya san yawansu, wasu ma da ruwan a hannunsu nake cewa wannan ya yi ɗumi, a samo mai sanyi. Suna ba da baya sai ka ga tsohon da ke zaune kamar alƙali ya dafe ciki ya fara nishi.

Sau ɗaya na kasa yin haka, kuma ranar ce ta ƙi barina.

Kwana goma sha ɗaya ke nan da ƙananan likitoci suka shiga yajin aiki. Ba zan zage su ba. Shekara huɗu da suka wuce su goma sha huɗu ne a sashenmu, yanzu saura biyar, sauran sun tafi Saudiyya da Ingila. An kuma dakatar da ɗaukar sababbi, wai sai an kammala wani nazari da ba wanda ya san ranar gama shi. Da idona na ga Dakta Abdulhamid, ɗaya daga cikin biyar ɗin, yana barci a tsaye, ya jingina da bango, fayil a hannu. Amma ba zan yaba musu ba, domin ni suka bari da bakin ƙofa.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne sanarwar rediyo. Kullum da safe wani mai zaƙin murya zai ce jama'a su kwantar da hankali, an ɗauki matakai, aiki na tafiya yadda aka saba. Matakan nan kuwa mutum ɗaya ne, Dakta Joda, babban likitan tiyata, mai shekara sittin da ɗaya da ciwon gwiwa. Shi zai zagaya masu kwance, shi zai shiga tiyata, sannan ya ba mu awa biyu a sashen gaggawa. Tun ranar farko ya ce min, "Metiron, mutum takwas zan iya gani a rana. Ki zaɓo min waɗanda ba za su kai gobe ba." Haka aka ɗora min aikin da ban nema ba, in ɗauki takarda da biro in bi benci-benci ina auna wanda ya fi kusa da kabari.

Ranar Talata ce, tsakiyar bazara, babu wuta, fankoki sun tsaya cik. Mutane sun haura sittin, duk rediyo ya kwaso su. Ga yarinya tana jijjiga a cinyar uwarta, ga mai ciki tana zubar da jini, ga waɗanda mota ta watsar a hanyar Dukku. Kowa na kiran Sista, kowa na jan rigata. Kafin sha ɗaya na rubuta suna bakwai.

A ƙarshen benci na ƙarshe na tarar da shi. Dattijo ne dogo, siriri, cikin farar babbar riga da ta sha guga, hula ta zauna daidai, carbi a hannu. Katinsa ya ce Malam Bamanga, daga Tumfure, tsohon malamin dabbobi. Ya zauna a miƙe kamar wanda ya zo ɗaurin aure. A gefensa wani matashi ya tsuguna a ƙasa, kansa a sunkuye, alhali ga wuri a bencin da zai ɗauki mutum biyu. Wannan kaɗai ya isa ya gaya min komai. A garin nan ba mai barin benci ya tsuguna a siminti sai suruki.

"Sannu, Baba. Me ke damunka?"

"Sannu da aiki, 'yata. Ɗan ciwon ciki ne."

"Tun yaushe?"

"Bai daɗe ba."

Matashin ya yi magana ba tare da ya ɗaga kai ba. "Sista, tun shekaranjiya bai ci komai ba. Mama ta ce ya yi amai sau uku."

Tsohon bai ko dube shi ba. "Zafin gari ne," ya ce.

"Nuna min inda yake maka ciwo."

Ya ɗaga hannu ya zagaya shi a iska, daga ƙirji har gwiwa, bai taɓa jikinsa ba. Sannan ya dube ni, ya dubi bakin get inda masu sayar da ruwa ke zama, ya sake dubana. Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, na ga kallon nan. Na ma buɗe baki. Sai uwar yarinyar mai jijjiga ta kwarma ihu, wani ya fizgi hannuna, na juya.

Da na dawo, bayan kamar minti ashirin, kaina ya riga ya cika. Saura gurbi ɗaya a takarda. A bencin gaba akwai wani saurayi, George, da babur ya karya wa ƙafa, yana birgima yana kiran uwarsa. "Sista, filis, mutuwa zan yi, wallahi mutuwa zan yi." Na san karaya ba ta kashe mutum a kwana ɗaya in an ɗaure ta. Na sani sarai. Amma ga mai kururuwa, ga mai jan carbi a natse, ni kuma tun asuba ban zauna ba. Na rubuta George.

Na ba Malam Bamanga ƙwayoyin rage ciwo, na ce su dawo gobe da sassafe, shi zan fara rubutawa.

"Allah ya yi miki albarka," ya ce.

Surukin ya miƙa hannu zai tallafe shi, ya ƙi. Ya tashi da kansa. Ya yi taku uku ya tsaya, ya duƙa kaɗan kamar mai gyara takalmi, ya daɗe a haka, sannan ya miƙe ya ci gaba. Ina kallonsa har ya shiga keke mai ƙafa uku. Ashe keken na surukin ne, shi ke tuƙawa.

Washegari ko jakata ban ajiye ba suka iso. Mutum huɗu suka ɗauko shi a tabarma. Babu hula. Idanunsa sun faɗa, leɓɓansa sun bushe, cikinsa ya kumbura kamar ganga. Muka shimfiɗe shi a gado, na ja labule, na juya ga matashin.

"Ya sunanka?"

"Shu'aibu."

"Shu'aibu, je ka sayo ruwa. Mai sanyi. Kada ka sayi na bakin get, je can tsallaken titi."

Ya fita da gudu. Na ɗaga babbar rigar, na sassauta mazagin wando. Ƙaba ce. Hanji ya sauko matsematsi ya maƙale, ya yi ƙullutu kamar lemon zaƙi, ya yi tauri, fatar wurin ta fara duhu. Na sha ganin irinta. Da jiya ce, aikin ƙasa da awa ɗaya ne a hannun Dakta Joda, bayan kwana biyar mutum ya koma gida da ƙafarsa.

Raina ya ɓaci, kuma da yake ba ni da wanda zan sauke wa, sai na sauke wa mara lafiya. "Haba, Baba. Me ya sa ba ka faɗa min jiya ba? Ranar wanka ai ba a ɓoye cibi."

Da ƙyar ya ja numfashi ya amsa. "Mijin Hadijatu ne. 'Yata ta fari."

"To sai me? Rai fa ake magana."

"A wurin nan, 'yata? A gabansa?" Ya rufe ido. Na ɗauka ya gama, ina neman jijiya in sa masa ƙarin ruwa, sai ya ci gaba a hankali. "Wani abokina ya ce min akwai wata Sista Lois a nan, 'yar Kaltungo, amma ta san al'adarmu. Ya ce takan aiki yara sayen ruwa. Shi ya sa na ce a kawo ni nan." Ya haɗiyi yawun da babu. "Jiya ina ta jira ki aike shi."

Ba da zargi ya faɗa ba. Da ma zagina ya yi, da na fi samun sauƙi. Sai da na soke shi sau uku kafin na samu jijiyar, bai ko motsa ba.

Dakta Joda ya bar zagayen da yake yi ya sauko yana ɗingishi. Ya duba, ya yi wa tsohon magana da Fulatanci ƙasa-ƙasa, tsohon ya amsa da kalma biyu. Sannan ya ɗauki katin, ya ga kwanan watan jiya da rubutun hannuna.

"Jiya ya zo, Metiron?"

"Ya zo, Dakta."

Ya dube ni, ya dubi bencin da ya riga ya cika da wasu sittin ɗin. Sannan ya ce a shirya ɗakin tiyata.

Awa uku suka yi. Hanjin ya ruɓe, ya fashe, dattin ya bazu a ciki. Saboda aikin nan ba a ga mutum takwas ba ranar, uku aka gani, sauran na sallame su da bakina. Malam Bamanga bai farfaɗo sosai ba. Ranar Alhamis bayan la'asar ya cika, Shu'aibu na tsugune a ƙasa kusa da gadon.

Bayan kwana tara aka janye yajin aiki. An kafa kwamiti, an yi musabaha a gaban 'yan jarida. Mai zaƙin muryar nan ya ce godiya ta tabbata ga Allah, saboda matakan da aka ɗauka ba a yi asarar rai ko ɗaya ba. Ina jin haka na kashe rediyon, kuma har yau ban sake kunna shi ba. A takarda gaskiyarsa ce. Takardar Malam Bamanga ta ce ruɓewar hanji ce ta kashe shi, babu layin da ake rubuta cewa likita ɗaya ne a wurin mutum shida, ko cewa nas ta gaji. Dakta Abdulhamid ya dawo aiki, ya yi wata biyu, shi ma ya samu biza. Saura huɗu.

Amma kafin duk wannan, ranar sadakar uku, na ɗaura ɗankwali na hau keke daga gidana a Gabukka zuwa Tumfure. Ban taɓa zuwa ta'aziyyar mara lafiyan da ban sani ba sai ranar. Da muka bar kwalta muka shiga hanyar unguwarsu, tsakanin sababbin gidaje da gonakin da ba a kai ga sayarwa ba, keken ya dinga faɗawa rami yana fita. Kowane rami sai na ji shi a cikina. Sau uku tsohon nan ya bi hanyar nan da hanji a shaƙe, surukinsa na gaba yana tuƙi.

Na shiga wurin mata na yi gaisuwa. Hadijatu na zaune a gefe, ba ta kuka, idanunta kawai sun kumbura. Da na fito, Shu'aibu ya taso daga cikin maza ya biyo ni har inda keke ke jirana. Ya rusuna.

"Sista, mun gode. Kin yi ƙoƙari, duk mun gani." Ya murza hularsa. "Kin san har ya rasu ban ji ya ce wash ba? Ko a hanya, da na shiga rami na ce sannu Baba, sai ya ce ba komai, in kula da tuƙina."

Na ce Allah ya jiƙansa.

"Amin. Abu ɗaya ne ke damuna, Sista. Ranar farko ƙaninsa ya so ya raka shi, na ce a'a, ni zan kai shi, ni ma in samu ladan. Kuma Allah ya sani ban bar gefensa ko minti ɗaya ba, ko fitsari ban je ba. Ke kin san aikin. Don Allah ki gaya min, akwai abin da ya kamata in yi da ban yi ba?"

Na dubi yaron nan. Tsohon ya ba da ransa don kada ya ji kunya a gabansa, ba ni ce zan buɗe abin da ya rufe ba.

"Babu, Shu'aibu. Ka yi iya yinka."

Ya sauke ajiyar zuciya, har kafaɗunsa suka saki. Ya ce in ɗan jira, ana zafi. Ya ruga shagon da ke kusa ya dawo da ruwan leda mai sanyi, ya miƙo min da hannu biyu. Na karɓa na shiga keke. Har muka isa Gabukka yana hannuna, ya yi ɗumi, ban iya sha ba.