Guɗa a Tagar Madam Gerda

Doka ɗaya ce a gidan Madam Gerda: ba a buɗe tagar da ke kallon titi. Ranar da Adjara ta fara aikin kula da tsohuwar, a wani bene kusa da titin Grand Concourse a unguwar Bronx, dokar aka fara gaya mata tun kafin a nuna mata inda magunguna suke. Komai zafi, sai dai fanka ta yi ta juya warin kabeji a ɗaki. Adjara ta ɗauka rigimar tsufa ce kawai. Matar Bajamushiya ce, ta haura saba'in, ƙugunta ya lalace, ko banɗaki ba ta zuwa sai da sanda da kafaɗar wani.

A watan Mayun 1991 ma'aikatan kamfanin wankin zannuwan otal, inda Hamidou mijin Adjara ke aiki, suka shiga yajin aiki, kuma zanga-zangarsu ta ƙarƙashin tagar nan za ta bi. Hamidou kuwa a gida akwai cika baki, amma ko ɗan sanda mai ba da hannu ya hango sai ya gyara tafiya. Da safen ranar ya ɗaura igiyar takalmi ya kwance, ya sake ɗaurawa.

"Wai mi kake tsoro, Malam?" in ji Adjara. "Union, ƙungiyarku ta ma'aikata, na bayanku. Ka tahi. In kun iso ka ɗaga kai, zan yi maka guɗar da duk Bronx za ta ji."

"Kin yi alkawali?"

"Na yi."

Ba cika baki ta yi ba. A unguwarsu a Maraɗi, ba a kai amarya sai an aika a kira ta.

Wajen azahar aka fara jin kiɗan bokitai da usur. Madam Gerda na gyangyaɗi a kujera. Adjara ta leƙa ta labule, ta ga titi ya cika, 'yan sanda sun jeru gefe da gefe. Can ta hango hular Hamidou, yana riƙe da kwali, yana tafe kamar wanda aka tilasta wa. Tausayinsa ya kama ta. Ta sa ƙarfi ta ɗaga tagar da fenti ya manne, ta zura kai, ta kama hanci ta rangaɗa guɗa.

Ko rabinta ba ta kai ba aka fizgo ta ta baya, ta zube ƙasa, kanta ya bugi ƙafar tebur. Madam Gerda ce. Sandarta na can jingine da kujera. Tsohuwar da ba ta iya miƙewa ita kaɗai ta haye kanta, tana yamutsa mata gaban riga, tana shafa ƙirjinta da wuyanta, tana duba tafin hannunta, tana wasu maganganu da Jamusanci. Adjara ta tsorata har ta kasa motsi.

"Ina suka same ki?" tsohuwar ta tambaya da Turancinta mai nauyi. "Nuna mini wurin."

"Ba abin da ya same ni, Kaka. Murna ce. Haka muke murna a garinmu."

Madam Gerda ta daɗe tana kallon hannunta, kamar ba ta yarda babu jini a jiki ba. Sannan ta kwanta a ƙasa kusa da ita, tana haki, ba ta saki rigar ba.

"A Berlin, 1929, ina 'yar shekara tara," ta ce. "An hana ma'aikata fitowa ranar ɗaya ga Mayu, suka fito. 'Yan sanda suka buɗe wuta, aka yi kwanaki ana yi. Fiye da mutum talatin suka mutu, da yawansu ko kwali ba su taɓa ɗagawa ba. Aka ce duk tagar da ke kallon titi a rufe ta. Babana yana waje tare da abokan aikinsa. Mamata ta ce leƙawa kawai za ta yi ta gan shi."

A ƙasa kiɗan ya fara nisa.

"Irin ƙarar da kika yi ta yi. Ni na yi ta neman wurin a jikinta. A wuya ne."

Jiniya ta wuce a titi, hankalin Adjara ya koma kan mijin da ta tura da bakinta.

"Babanki fa? Shi ma sun kashe shi?"

"Da yamma ya dawo, ko ƙwarzane babu. Tun daga matakala yake faɗa, wai ya ɗaga kai ya ga taga a buɗe, ba wanda ya damu ya leƙo shi."

Da rarrafe Adjara ta je ta jawo tagar ta rufe, ba ta yarda kanta ya wuce bakinta ba. Da ƙyar ta ciccibi tsohuwar ta mai da ta kujera, ta zauna kusa da ita har lokacin tashinta daga aiki ya yi.

Ta samu Hamidou a gida lafiyarsa ƙalau, ya miƙe ƙafa, ya ɗaure fuska. Ba a taɓa kowa ba, in ji shi, police ɗin ma hira suke ta yi.

"Amma ke kin kyauta," ya ce. "Na ɗaga kai har wuyana ya yi ciwo. Window a buɗe, ba kowa."

Jakar da ke hannun Adjara ta faɗi. Ta durƙusa gabansa ta riƙe gwiwoyinsa ta fashe da kuka, shi kuwa ya yi sororo, yana tambayarta wa ya mutu.