Kujerar Tsakiya

Shekara goma sha tara Mushe Ma'azu, wato Malam Ma'azu, yana koyar da ilimin halittu a wata makaranta a Tawa, bai taɓa ganin teku ba, amma babu darasin da ya fi so kamar na kifin teku. Yakan zana ƙananan kifaye ɗari a allo, duk fuska ɗaya, ya bayyana cewa in babban kifi ya taso sai idonsa ya ruɗe, ya rasa wanda zai bi. Na gefe ake ci. Na tsakiya shi ke tsufa.

Da labari ya zo cewa mai duba makarantu zai ɗauki malamai ya tura ƙauyukan bayan Takanamat, Ma'azu ya tuna garkarsa ta albasa da hawan jininsa, ya ga lokacin amfani da ilimi ya yi. Ya tara abokan aiki ya ba su shawara: kowa ya sa farar riga, a zauna a cure, kada wanda ya yi tambaya. Ranar taron ya riga kowa zuwa, ya ƙirga kujeru, ya zauna a ta tsakiya cif.

Mai dubawa ya shigo a gajiye. Ya kalli fararen riguna talatin, ya kasa bambance kowa da kowa. Ma'azu ya ji daɗi, littafi bai yi ƙarya ba. Mutumin ya ce tunda babu mai magana, ba zai ɓata lokaci ba. Ya miƙa biro, ya zagaye iska da shi.

"Ku huɗun nan na tsakiya, ku ba ni sunayenku."

Da la'asar Ma'azu ya biya wurin Talle, mai kawo kifin karfasa daga tabkin Tabalak, ya kwashe labarin ya gaya masa, har da zanen allo. Talle ya ci gaba da kankare ɓawon kifi. Ya ce shi dai bai san babban kifin teku ba, amma masunta in sun ga kifi ya taru murna suke yi.

"Mushe, ai tsakiya muke jefa birgi, ragarmu ta kamun kifi. Na gefe su ka tsira."

Ma'azu ya tambaya ko busasshen kifi zai kai wata uku bai lalace ba. Talle ya ce zai kai. Ma'azu ya ce a ɗaure masa.